Ƙorafi Kan Cire Muryar Marigayiya Daga Manhajar Rumfa

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Amintattu,
Gidauniyar Manhajar Rumfa,
Hawa na Tara, Ginin Kamfanin da ke ɗaukar nauyinku.

Daga:
Tsohon mai duba kurakurai a maɗaba'a, mai ritaya,
Ƙofa ta ƙarshe, bayan shagon mai gyaran agogo.

Ranar 9 ga Afrilu.

Game da: Shirin cire muryar karatu ta harshenmu daga fitowar Rumfa ta ranar 1 ga Yuni.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da cikakkiyar girmamawa, mai wannan ƙorafi yana neman afuwar aiko shi a takarda kamar mutanen da. Ya gwada akwatin koke na shafinku, sai aka ce ya fara tabbatar da cewa shi mutum ne ta hanyar zaɓar hotunan da ke da keke a ciki. Da yake raunin gani ne ya kai shi wurin, bai ci jarrabawar ba. 'Yarsa ce ta buga masa wannan, kuma ta roƙi a shaida cewa kalmomin ba nata ba ne.

1. Shekara bakwai da suka wuce, lokacin da Rumfa take manhajar 'yan sa-kai, mai tafiyar da kwamfuta kyauta, wadda kowa zai iya buɗe cikinta ya gyara, kun yi shelar neman wanda zai ba da muryarsa domin na'ura ta riƙa karanta wa makafi rubutu da harshenmu. Matar mai ƙorafi ta amsa. Ba ku da ɗakin naɗar sauti a lokacin, sai ta kwashe rabin kayan kabad ɗin ɗakin kwana, ta shiga da 'yar kujera da makirufo, ta ja ƙofa don tufafi su shanye amsa-kuwwa. Damina biyu aka yi a haka. An kashe fanka, an hana mai ƙorafi tari, an hana shi juya shafin jarida. Da ya yi mata gorin kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, sai ta ce shi da ya ƙarar da idonsa yana gyara waƙafin mutanen da ba su san sunansa ba, ai ba shi da bakin magana. Ta sa hannu a lasisinku, wanda ya ce kowa na iya amfani da muryar yadda ya ga dama. Mai ƙorafi ya karanta shi, kuma yana shaida babu kuskuren rubutu ko ɗaya a ciki.

2. Allah ya yi mata rasuwa ranar 3 ga Nuwamba, bara waccan. Daga nan idonsa ya ƙara baya. Yanzu ita ke karanta masa jarida da safe, da takardar magani, har da littattafan tarihin da take cewa da ranta sun fi ƙwayar barci aiki. Ba shi kaɗai ba ne. Malamin makarantar makafi ya shaida masa cewa ɗalibansa Inna suke kiran muryar, kuma in na'ura ta lalace cewa suke Inna ba ta da lafiya.

3. Ranar 12 ga Janairun bara kuka sanar da cewa Kamfani ya zama Babban Abokin Tafiyarku, kuma babu abin da zai canza. Mai ƙorafi ya karanta tarihi daidai gwargwado, bai taɓa cin karo da wannan jimla ba sai a daren da komai zai canza. Kafin damina ta faɗi tambarin Kamfani ya hau allon farko, ofishinku ya koma gininsu, yawancin kujerun kwamitinku suka koma hannun ma'aikatansu, waɗanda aka ce 'yan sa-kai ne, ana dai biyansu albashi ne don su sa kan. Mai ƙorafi bai ga laifinku ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da bai sani ba shi ne da kan matarsa za a gwada askar.

4. Kuna da doka tun ta da can: duk sashen manhaja da mai kula da shi ya yi wata shida bai amsa saƙo ba, sai a ce an yasar da shi, a cire. An yi ta ne don masu lalaci. Sabon kwamiti ya ɗora na'ura a kan dokar, na'urar kuma ta dinga aiko wa marigayiya saƙo, da yake sunanta ne a matsayin mai kula da muryar, tana tambayar ko har yanzu tana da sha'awa. Ranar 20 ga Agusta mai ƙorafi ya amsa cewa ta rasu. Aka maido masa da ta'aziyya mai kyau ƙwarai, tare da roƙon ita ta tabbatar da hakan daga nata asusun. Ya ce to a ba shi kulawar, 'yarsa za ta taya shi. Aka ce ana maraba, sharaɗin kawai shi ne mai kulawa ta baya ta tsaya masa. Ranka ya daɗe, ko da ranta da wuya ta tsaya masa a harkar na'ura, balle yanzu.

5. Muryar da za ta maye gurbinta ta Kamfani ce. Kyauta ce, kamar yadda ƙugiya ke ba kifi tana kyauta: sai an yi rajista, sai da intanet, kuma kowace kalma sai ta je gidan Kamfani ta dawo kafin a ji ta, har da abin da likita ya rubuta. Mai ƙorafi ya saurare ta. Tana karanta sanarwar mutuwa da tallan sabulu da fara'a iri ɗaya. A rahotonku an ce tsohuwar muryar tana da aibi, wai tana ɗan tsayawa kafin ta faɗi adadi. Wannan ba aibin na'ura ba ne. Haka take yi tun suna amarci, duk adadin da aka ba ta sai ta ɗan dube shi tukuna. Da kwamitinku ya koyi wannan aibi, da ya amfane shi.

6. Ranar 2 ga wannan wata mai ƙorafi ya buga layin masu hulɗa na Kamfani don ya kai kuka. Matarsa ce ta ɗauka. Ta ce: "Kiranka yana da muhimmanci a gare mu, ka ɗan jira." Sai kiɗa. Sai ta dawo ta sake faɗa.

Ya bincika, an ce lasisi ya yarda, kuma gaskiya ne. Ke nan muryar da ta yi wa makafi tsufa ba ta tsufa da tsare wa Kamfani ƙofa ba. Marigayiya ta yi rabin rayuwarta tana haɗa layi a ofishin tarho, kuma abin da take alfahari da shi ke nan, ba ta taɓa barin mutum riƙe da waya yana jiran banza ba. Yanzu aikinta ke nan daga safe har yamma. 'Yar tasa ta saurara sau ɗaya, ta ajiye wayar, ta ce Baba kada ka sake kirana in ji wannan.

Saboda haka, cikin ladabi, mai ƙorafi yana roƙon:

(a) A bar muryar a cikin Rumfa bayan ranar 1 ga Yuni, ko da a can ƙasan zaɓi ne, inda tambari ba ya kaiwa.

(b) A karɓi takardar shaidar rasuwa da ke haɗe da wannan a madadin amsar marigayiya, a miƙa kulawar ga 'yarta.

(c) Idan kwamiti ya duba ya ga waɗannan sun fi ƙarfinsa, tun da gidan ba nasa ba ne, to ya taimaka ya isar da saƙo ɗaya ga masu gidan. Tun daga ranar 2 ga wata mai ƙorafi yana buga layin nan kowace safiya bayan ya karya. Jiya wata ma'aikaciya mai ƙwazo ta ɗauka da wuri, ta katse marigayiya a tsakiyar jimla, ta tambaye shi me zai so a yi masa. Lambarsa na rubuce a ƙasan wannan takarda. In sun gan ta, don Allah kada su ɗauka.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya, ya bar masa idonsa da iyalinsa.

Mai biyayya a gare ka,

(sa hannu)
Mijin mai muryar.