Kada a Tuge Kututturen Ɗorawa

Asabe ce ke rubuta wannan wasiƙa a madadin kakarta, yadda kakar ta faɗa.

Ɗana Audu, ina gaisuwa. Yaya aiki, yaya Fatakwal? Yaya maiɗakinka da ciwon ƙafarta? Mu nan lafiya, sai godiya.

Ka tuna naman kaza mai taurin nan na jikin kututturen ɗorawa, wanda na daka na sa maka da fartanya ta sare ka? 'Yarka Asabe ta kai shi makarantarsu a Shabu. Suka tatso ruwansa, suka ɗiga wa ƙwayoyin cuta a faranti, ƙwayoyin suka mutu. Yanzu so take ta haɗa maganin da hannunta. Sau biyu ta gwada bai yi ba, wanda na ba ta kuma ya ƙare. Sai damina zai sake fitowa.

Na ji ka ce magina su share filinmu na Azuba. Su share, amma kada su taɓa kututturen nan da ke cikinsa. Bulo ba ya ruɓewa, ka jira ruwa ya sauka kafin a fara ginin.

Ka gaida yara, ka sa mu a addu'a. Asabe, ajiye biron, na gaji.