Ba Mai Raba Ni da Tafkin Nan

Litinin, 25 ga Fabrairu, 2019

Lamont ya zo tun daga Montgomery ya tafi da makullin jirgina na kamun kifi. Ɗan da na goya. Ya zare shi daga ƙusar bayan ƙofa ya jefa aljihu, kamar wanda ya ƙwace wuƙa a hannun ƙaramin yaro. Wai don jiri ya ɗebe ni jiya a coci. Jiri ɗaya tal! Fasto ya ƙi ƙare wa'azi, an rufe tagogi, wa jiri ba zai ɗiba ba?

“Mama, likita ta ce kada ki ƙara shiga ruwa ke kaɗai.”

Na ce likitar ta taɓa riƙe sandar fatsa? Shekarata saba'in da ɗaya, fiye da rabinsu a kan tafkin Eufaula na yi su. Ni Earlene, ba a haifi mai raba ni da ruwan nan ba.

Bai san ubansa ya bar wani makulli a gwangwanin kofi ba. Allah ya ba mijina Clemon hutawa, ya san ɗansa.

Alhamis, 28 ga Fabrairu

Shagon Vernice da sassafe, kofi da biskit mai nama. Labari ya riga ni isa. Ina shiga Hosea ya tashi ya ba ni kujera, abin da bai taɓa yi ba tun muna makaranta. Na ce masa ya zauna, ban mutu ba tukuna.

Hirar dai ita ce. Kifin nan babban-baki ya fara hawowa daga zurfi ko bai fara ba. Hosea ya rantse ya ga wata uwar kifi a bakin rafin Cowikee, kaurinta kamar cinyarsa. Vernice ta ce cinyar tasa ai ba ta kai tsinken tsire ba.

Odell Pettway na can lungu yana cika baki da sabon allon da ya ɗaura wa jirginsa, mai nuna kifi a ƙarƙashin ruwa. Na ce to tunda talabijin ya je kallo, ya zauna gida mana.

“Ke tsohuwa, an ce an ƙwace miki makulli. Ki zo in ɗauke ki, ki riƙe mini raga.”

Raga! Mutumin da ya taya jirgin Clemon ranar da muka binne shi, da cinyar kaza a hannunsa. Ban manta ba. Ba zan manta ba.

Asabar, 2 ga Maris

Na fita. Ni kaɗai. Uku na kama, na sake su duka.

Talata, 5 ga Maris

Ruwa ya yi ja bayan ruwan sama. Wani saurayi a gangaren sauke jirage, da kaya sababbi ƙal, yana ta jifa da tanar roba mai launin kankana. Na ce ɗana, a jan ruwa baƙa ake sawa, kifi inuwa yake gani ba ado ba. Kuma ka rage gaggawa. Ka bar ta ta taɓa ƙasa, ka ja kaɗan, ka tsaya. Babban-baki malalaci ne lokacin sanyi, sai an kai masa har baki.

Lamont ya kira da yamma. “Mama, me kika yi yau?” Na ce na sha iska. Ƙarya na yi?

Juma'a, 8 ga Maris

Odell yana bi na.

Ranar Asabar na ɗauka dace ne. Talata ma ya ɓullo. Yau na shiga lungun kututturai, wurin da ni da Clemon muka ɓoye wa duniya, ina juyowa sai ga jan jirginsa can nesa ya tsaya kamar zalɓe. Da allonsa da komai, amma wuraren mata yake sata. Na kunna inji na bi ta gabansa da gudu, igiyar ruwa ta kusa zubar masa da kofi. Na ji yana ihu, “Haba Earlene, hauka kike?”

E, ita nake.

Lahadi, 10 ga Maris

Matan zumunta sun kewaye ni bayan sujada. Wai in shigo ƙungiyar ɗinkin barguna, ana shan shayi, ana hira. Na gode. Allurata mai lanƙwasa ce.

Da na sunkuya ɗaukar jaka ƙasa ta ɗan juya. Kaɗan. Ba wanda ya gani, don haka ba a yi ba.

Laraba, 13 ga Maris

Itatuwan bakin hanya sun fara farin fure. Clemon yakan ce in ka ga furen nan, to uwayen kifi sun hau share gado a ruwa marar zurfi. Wata kuma na cika mako mai zuwa. Duk shekara wannan nake jira, sannan a ce in zauna gida in kalli bango?

A shago an yi gardamar kwaɗon roba. Hosea ya ce kifi na kai cafka shi yake fizga. Na ce shi ya sa kullum kwaɗonka ke dawowa ya same ka a goshi. Ka ga ruwa ya fashe, ka danne zuciyarka, sai ka ji nauyi a hannu sannan ka fizga. Ido maƙaryaci ne, hannu ke faɗin gaskiya.

Odell na can lungunsa da kofi. Ya rame, ko idona ne. Ba ruwana.

Vernice ta bi ni har wajen a-kori-kura. “Earlene, ko rigar ceto ki riƙa sawa.” Na ce tana ƙarƙashin kujera. Ta ce kujerar ce za ta nutse?

Litinin, 18 ga Maris

Wannan kam sai na rubuta.

Ranar Asabar ne. Na shiga lungun kututturai rana ta ɗan ɗaga. Ruwa garau. Na hango gadon, fari ƙal a kan yashi, da uwar kifi kwance a kai. Ban taɓa ganin irinta a raye ba, za ta yi laba goma. Na jefa ƙadangaren roba ya wuce gadon, na jawo shi a hankali har tsakiya. Ta ƙi kulawa. Na sake. Na sake. Can ta juyo, ta karkata, ta zuƙe shi kamar mai jin haushi.

Na fizga. Sanda ta lanƙwashe. Ta yi tsalle, bakin nan buɗe kamar bokiti, ta nufi kututture. Na miƙe tsaye sosai a kan dakalin gaba don in juyo da ita.

Daga nan sama ta koma ƙasa.

Sanyin ruwan ya ɗauke mini numfashi. Rigar sanyi da takalma suka cika, suna ja na. Na taso na kama gefen jirgi. Na yunƙura in hau, hannu ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Jirgin da na yi shekara da shekaru ina hawa da sauka ya zame mini katanga. Iska na tura mu zuwa zurfi. Na lallaɓa zuwa baya in taka inji in hau, ƙafa ba ta jin umarni. Yatsuna suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Ban yi addu'a ba, Allah ya yafe mini. Abin da ke raina kawai shi ne Lamont zai ce ai ya faɗa.

Sai ƙarar inji. Jan jirgi.

“Riƙe! Earlene, kar ki saki, don uwarki kar ki saki!”

Ya kamo wuyan rigata ya ja. Ina! Tsoho ɗan saba'in da shida, shi ma saura kaɗan ya biyo ni. Ya zauna yana haki, fuskarsa ta yi toka. Sai ya zura mini igiya ta ƙarƙashin hammata, ya ɗaure a jirginsa, ya ja ni a hankali zuwa gaci kamar mushen saniya. Da ƙafata ta taɓa ƙasa ya diro ya tallafe ni, muka zube tare cikin laka. Muka kwanta nan muna tari, tsofaffi biyu, wani kunkurun ruwa na kallonmu daga kan icce.

Abin da na fara cewa: “Ina sandata?”

Ya ce, “Ta tafi da kifin. Ke dai ba ki da kirki.”

Ya saka ni a motarsa, ya ƙure ɗumi, ya lulluɓe ni da bargon karensa. Wari kamar me. Na ƙi asibiti. Shi ya koma ya jawo jirgina.

Talata, 19 ga Maris

Zazzaɓi. Sandar nan Clemon ne ya saya mini.

Alhamis, 21 ga Maris

Na je shago da shirin faɗa. Na san za a sha dariya, na tanadi amsar kowa. Na shiga, Hosea bai ko ɗago ba, yana ba da labarin kadan da ya biyo masa kwaɗo. Vernice ta zuba mini kofi ta ce na yi kwana biyu.

Bai faɗa ba. Odell, da bakinsa bai taɓa riƙe ko ruwan sanyi ba.

Wannan ya fi ba ni haushi. Yanzu ina riƙe da alherinsa kamar garwashi, ban san inda zan ajiye ba.

Asabar, 23 ga Maris

Na tare shi a gangare. Na ce faɗa mini gaskiya, Lamont ne ya sa ka gadina?

Ya yi dariya har da tari. Ya ɓalle maɓalli biyu ya nuna mini ƙirjinsa, wani tudu ƙarƙashin fata da tabon ɗinki. Tun Disamba aka dasa masa na'urar bugun zuciya, ba wanda ya sani a shago. 'Yarsa ta ce ko dai ya riƙa tsayawa inda wani jirgi ke ganinsa, ko ta sayar da nasa.

“Na duba duk tafkin nan, wa ke fita kullum ko ana ruwan ƙanƙara? Ke. Ba gadinki nake ba, tsohuwa. Ke ce ke gadina, ba ki sani ba.”

Na ce to me ya hana ka faɗa?

“In faɗa miki? Da kin sa an buga a jarida.”

Da na sa.

Na tambaye shi zancen taya jirgi ranar jana'iza. Ya sunkuyar da kai. Wai ya ji dangin Clemon na shirin kai shi kasuwa a bayan idona, ya ce gara ya riga su. Ban san ko in yarda ba. Ban ma san ko zancen 'yar tasa gaskiya ne ba. Tabon dai gaskiya ne.

Laraba, 27 ga Maris

Ban fita ba duk makon nan. Ba tsoro ba ne. Iska ce ta yi yawa.

Jiya na kai jirgi har bakin gangare, na zauna a mota ina kallon ruwa, na juyo gida. Iska.

Lahadi, 31 ga Maris

Lamont ya zo da yara. Ya ga laka a tayar tirelar jan jirgi, ya dube ni, na dube shi. Na ce e, na fita, kuma na faɗa ruwa, kuma ga ni. Na shirya wa tsawa. Sai ya zauna a matakala ya rufe fuska da hannu biyu. Ƙaton mutum, kafaɗu na rawa.

“Mama, Baba ya tafi. Ke kaɗai kika rage mini.”

Na ce tashi, yara na kallo. Na ƙara masa burodin masara.

Da zai tafi ya mayar da makullin kan ƙusarsa.

Asabar, 6 ga Afrilu

Na ɗauki Odell. Taimako ne. Ba zan bar marar lafiya yana yawo a ruwa shi kaɗai ba, in ya mutu a ce a gabana ne. A jirgina, da sharaɗina: ba allo, ba waƙa, ba labarin soja. Ya karya biyu kafin mu bar gangare.

Na sa rigar ceto. Da ɗumi, shi ya sa.

Mun bi gefen bado inda iska ke turo ƙananan kifaye. Ya kama biyu, na kama huɗu. Mutumin nan shekara hamsin yana fatsa, har yau ƙullinsa na kwancewa. Na nuna masa. Ya ce ai ya sani.

Wajen hantsi ina tsaye a gaba, ƙafata kan abin tuƙi da ake takawa, na ji ƙasa ta fara wannan abin nata. A jirgin fatsa, wanda ke gaba shi ne mai jirgi, shi ke zaɓen inda za a je, shi ke fara jifa. Ko Clemon bai taɓa taka wurin nan ba in ina ciki.

Na ce, “Kai tsoho, zo ka karɓi gaba. Ina so in ga ko ka iya.”

Ya miƙe. Sannan ya ce, “Sai ki riƙe hularki.” Ya wuce ta gefena, ya dafa kafaɗata wai don kada ya faɗi, har sai da na zauna.

Bai iya ba. Sau biyu ya kai mu cikin bado. Amma daga baya ma ana kama kifi, na biyar ɗina a can na ɗauko shi, laba huɗu, Odell ya riƙe raga.

Likita ranar Alhamis. Ni na kira su. Zan je ne kawai in gaya mata ba ta san komai ba.

Odell zai kai ni, wai hanyarsa ce.