Baƙo Ba Ya Dasa Itace

Zuwa ga ƙanena Idi, a Kano. Gaisuwa mai yawa. Yaya iyali, yaya ƙafar Gwaggo? Mu nan unguwar Sabo a Badun sai godiya, tsufa ne kawai.

Ɗanka Sule, wanda aka haifa mini a nan, ya dasa lemo a tsakar gida. Na ce masa baƙo ba ya dasa itace, fataucin goro ya kawo mu, gida za mu koma. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, tun ina goye kake cewa baɗi. A Badun aka binne cibiyata, a nan aka binne Inna."

Na gaji. Ka gaida kowa, ku sa mu a addu'a. Lemon kuwa, yanzu ni nake ba shi ruwa.

Yayanka, Mamman.