Inabin da Baba Ya Shuka

Zuwa ga ƙanena Umaru, a Bardo ta ƙasar Faransa.

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina sanyi, yaya baƙunta? Mu nan Gwandu lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Bayan haka, Umaru, ka ci amanarmu. Da ka rubuto cewa noman inabi kake yi, har masallaci Baba ya kai labari, wai ɗansa na noman abincin 'yan Aljanna. Irin da ka aiko ya shuka bakin rijiya, ya kuwa tsiro.

Ranar kasuwar Kalgo Baba ya yi wa wani tsohon sojan Faransa alfahari da kai. Mutumin ya tuntsure da dariya gaban jama'a, ya ce, "Malam, ai inabin Bardo ba na ci ba ne. Matse shi suke, ya shekara cikin ganga, ya zama jar giya. Da ita aka san su tun kaka da kakanni."

Ka sani sarai, ka yi gum. Na ɗauko fartanya zan tumɓuke shukar, Baba ya hana. Ya ce ita ba ta yi masa ƙarya ba.

Ka sa mu a addu'a, in kana yi har yanzu. Inna na gaishe ka. Baba kuwa na tambaye shi, bai ba da saƙo ba.

Yayanka,
Bello