Kek ɗin Bikinmu Yana Firiza, Maigida Ya Ce a Yanka

Anti Khairiyya, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada ki yi mini dariya, domin a kan kek zan yi tambaya. Na rasa wanda zan tambaya a garin nan ba tare da labarin ya kai masallaci ba.

Ni da maigidana, Malam Jafaru, a Zariya aka ɗaura mana aure shekara talatin da 'yan kai, na biyo shi ƙasar waje, nan garin Greensboro, yana karatu a jami'a, muka yi walima. Lokacin Hausawan garin ba su cika falo ɗaya ba. Wata 'yar Jos mai suna Rachael, matar abokin karatunsa, ita ta tsaya mini kamar yayata. Ta gasa mana kek mai hawa uku, irin baƙin nan mai nauyi da ake cika wa zabibi da dabino da ɓawon lemo, ta kuma rantse ba ta sa ko ɗigon giya ba saboda mu. Da aka watse sai ta cire hawan sama, ta naɗe, ta sa a gwangwanin biskit, ta ce a al'adarsu ajiye shi ake yi sai ranar sunan ɗan fari. Malam yana ta dariya, wai ai ba zai shekara a firiza ba.

Anti, ba a yi sunan ba. Sau biyu ina samun ciki yana zubewa, daga nan shiru. Babu likitan da ba mu gani ba, babu addu'ar da ba mu yi ba, 'yan uwa a gida suka yi ta magana har suka gaji. Malam bai taɓa ɗaga mini murya a kan wannan ba, wallahi ko sau ɗaya. Amma gwangwanin yana nan. Mun tashi daga gidan haya zuwa gidan haya har muka zauna a McLeansville, nan bayan gari, kuma kowane tashi shi ne farkon shiga mota, cikin kular sanyi da ƙanƙara. Akwai shekarar da guguwa ta ɗauke wuta kwana da kwanaki, muka zubar da komai har naman layya, gwangwanin kuwa Malam ya mayar da shi wurinsa. Ba ma maganarsa. In zan ɗauko kaza sai in matsar da shi gefe, shi ke nan.

Yanzu Malam yana fama da ciwon daji a hanta. Ana yi masa kemo, maganin dajin nan mai ƙarfi, ya rame, ko kunun gyaɗa sai na yi ta lallashi kafin ya sha cokali biyu. Ranar Juma'a bayan la'asar yana kwance a falo sai ya ce in ɗauko gwangwanin nan mu ci kek ɗinmu. Na ce masa bari in gama wanke-wanke, na shige gareji na yi kukana. Jiya ma ya sake tambaya.

Ƙanwarsa Hadijatu ta ce a waya in zubar da shi, wai hauka ne ajiye abinci tun ba a haifi 'ya'yanta ba. Ita da sauƙi. Ni tsoro nake ji ta ko'ina. In na ba shi ya ci ya cuce shi, da hannuna na ƙarasa shi. In na hana shi kuma ya tafi, na hana shi abu ɗaya da ya roƙa da bakinsa. Sannan gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba: muddin gwangwanin nan yana rufe, ji nake har yanzu jira muke yi, ni da shi. Na san shekaruna, ba hauka nake yi ba, amma haka nake ji. Anti, kek ɗin nan zai ciwu?

Matar Malam, McLeansville

*

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Ban yi dariya ba. Allah ya ba Malam sauƙi, ke kuma ya saka miki da alheri.

Kek ɗin dai kada ya ci. Gaskiya ne irin wannan yana daɗewa, saboda yawan sukari da busassun 'ya'yan itace, har akan ji wasu sun ɗanɗana na shekaru masu yawa ba abin da ya same su. Amma yawanci giyar da ake jiƙa shi da ita ce ke taimaka masa, naku kuwa babu ita, ga shi ya taɓa narkewa lokacin guguwa. Ko da ido bai ga ruɓa ba, ba a ba mai shan kemo irin wannan, domin jikinsa ba shi da ƙarfin yaƙi da abin da ni da ke za mu ci mu wuce. In kina shakka ki tambayi nas ɗinsa. A nan Hadijatu ta yi gaskiya.

Inda ba ta yi ba shi ne maganar zubarwa. Mutumin da kunu ke gagara ba kwaɗayi ne ya sa ya tuna da kek ba. Shi ma shekarun nan duk yana ganin gwangwanin, shi ma yana matsar da shi gefe. A ganina ya san halin da yake ciki, kuma ba ya so ya tafi ya bar ki da shi ke kaɗai, kina buɗe firiza kina rufewa. So yake ku gama wannan jiran tare, tun hannunsa yana iya riƙe wuƙa.

Saboda haka ki daina ɓuya a gareji. Ki zauna kusa da shi ki faɗa masa dalilin da ba zai ci ba, da kuma abin da ya sa hannunki ya yi nauyi. In Rachael tana raye ki kira ta ta faɗa miki yadda ta haɗa shi, in ba ta, zabibi da dabino ba su ƙare a kasuwa ba. Ki gasa ɗan ƙarami sabo. Sai ki ɗauko tsohon, ku buɗe, ki ɗora hannunki a kan nasa ku yanka. Ku ci sabon, ko gutsure ɗaya ne. Tsohon kuma ki binne shi a gindin wata bishiya a bayan gida, kada ya shiga shara.

Za ki yi kuka, ki yi a gabansa. Kuma kada ki ce sai ya ɗan ji sauƙi, ki yi a makon nan. Ya tambaya sau biyu, ba ni da tabbacin zai tambaya na uku.

Allah ya tashi kafaɗarsa, ya ba ki haƙuri, ya haɗa ku a Aljanna da 'ya'yan nan biyu da ba ku samu kun raɗa wa suna ba.

Anti Khairiyya