Ruwan Tsoma Ƙafa

Dayi, 6 ga Afrilu, 1983

Zuwa ga Yaya Rahab,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya aikin asibiti?

Albishirinki, kajin sun fara ƙwai! Su ɗari biyar, farare tas. Waɗanda suka ce na haukace da na ajiye aikin gwamnati a Funtua, yanzu sai su zo su gani, amma daga nesa. Kin san kajin turawa ba sa jure cuta, kuma mutum kan kwaso ta a ƙafa bai sani ba. Shi ya sa na kewaye wurin da waya, na ajiye daron ruwan magani a bakin ƙofa, duk mai shiga sai ya tsoma ƙafa. Ni ma nan nake kwana yanzu, a ɗakin ajiyar dusa.

Komai lafiya lau. Ki dinga rubuto mini dai, ko layi biyu ne.

Ƙanenki,
Amos

Bakori, 24 ga Afrilu

Amos,

Ina gaishe ka. Mu nan ƙalau muke, amma naka "lafiya lau" ban yarda da shi ba.

Ranar kasuwa na haɗu da Tsohuwa, matar Kawu Mudi. Ta ce wata uku ke nan ba ka je cin tuwo ƙofar gidansu ba, sujada ma a coci an daina ganinka. Ta ce Kawu ya taso daga masallaci da alwalarsa, ya zo sa wa sana'arka albarka, ka tare shi ka ce sai ya wanke ƙafa. Haba Amos! Mutumin da ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, ya kai mu makarantar mishan da kansa, bai taɓa cewa mu bar addinin ubanmu ba? Shi a ganinsa ƙazami ka ɗauke shi. Wanda ya ji an yi wa Kawu haka kuwa, me zai je yi wurinka?

Ta kuma ce ta hango ka ta waya, ka rame kamar kara. Faɗa mini gaskiya, ni ba mai sayen ƙwai ba ce.

Yayarka,
Rahab

Dayi, 9 ga Mayu

Yaya,

Na gaishe ki. Wasiƙarki ta yi kwanaki a aljihuna kafin na iya amsawa.

Ba ni da lafiya, amma ban san sunan ciwon ba. Barci ya ƙaurace mini. Kaza ɗaya ta yi tari sai gabana ya faɗi, in ga kamar duk za su mutu, in zama abin dariyar Dayi. Abinci kuwa, in dafa ƙwai biyu in ci a tsaye, wata rana ma in manta. Jiya na kama kaina ina ba kaji labarin Baba.

'Yan sarin ƙwai na Malumfashi bayan waya suke tsayawa, in miƙa musu, su tafi. Kowa "sannu mai kaji", ba mai tambayar yadda na kwana. In na ce na gaji, cewa za a yi wa ya aike ni. Dalilin "lafiya lau" ke nan.

Sau uku ina zuwa har bakin layin su Kawu, kunya ta maido ni. Ranar da ya zo ɗin nan, daron ya duba, ya dube ni, ya juya. In na ɗauke daron, kaji za su mutu. In na bar shi, ba mai zuwa. Kaɗaici ya ishe ni, Yaya, har na fara jin tsoron kaina.

Ki sa ni a addu'a.
Amos

Bakori, 15 ga Mayu

Ƙanena,

Sannu, sannu. Wannan ciwo ne kamar kowane ciwo, muna ganinsa a asibiti. Ba ragwanci ba ne, ba kuma rashin bangaskiya ba. Ranar Asabar zan zo mu tafi wurin likita a Malumfashi, ban da gardama. Daron kuma ka bar shi inda yake.

Yanzu in ka ga dama ka yi fushi da ni. Jiya na biyo ta Dayi, na tsallake ka na je gidan Kawu, na karanta masa wasiƙarka daga farko har ƙarshe. Na gaya masa ko babban likita sai ya wanke hannu kafin ya taɓa majinyaci. Da na gama sai ya ce in maimaita wurin da ka ce kana ba kaji labarin Baba, sannan ya tashi ya shige ɗaki. Ban san abin da ke ransa ba.

Allah ya tsare mini kai.
Rahab

Dayi, 18 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa a gurguje. Jiya bayan la'asar sai ga Kawu da kwanon tuwo a hannu. Na ruga zan janye daron, ya daka mini tsawa: "Kai, bar shi nan! So kake ka kashe kajin?" Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya tsoma ƙafafunsa biyu. Ya ce ruwan na wari kamar asibitinku.

Muka zauna kan buhun dusa. Na cinye tuwon tas ina hawaye, shi kuwa ya zuba wa kaji ido kamar bai gan ni ba. Da zai tafi ya ce gobe shi zai yini da su, ni in je gida, Tsohuwa ta share mini ɗakina.

Ina jiran ki Asabar.
Amos