Takardar da Na Hura Wuta da Ita

Ɗana Bulus,

Ina gaishe ka. Yaya jiki, yaya karatu, yaya mutanen gidan kawunka? Mu nan Funtua lafiya, ban da ni.

Tun da aka ɗauke wuta, kwamfutar ofishinmu na auduga take sa kwanan watan shekarun baya a kowace wasiƙa. Manaja ya ce in ban gyara ba kafin ƙarshen wata, wata za ta hau kujerata. Takardar da ka rubuta mini yadda ake saita shi kuwa, da ita na hura wuta ranar da ka ƙi zuwa gona.

Faɗan nan ban janye ba. Amma don Allah ka sake rubuto mini, layi-layi, ka ba direba ya kawo.

Ka yi mini addu'a. Gai da kawunka.

Mahaifiyarka